Me ya faru da filin jirgin saman Filton bayan an rufe shi?

Ka yi tambaya kan filin jirgin saman Filton da ke arewacin Bristol a Ingila: na waye, kuma me ake yi da shi yanzu?

Asalinsa na kamfanin ƙera jirage ne da Sir George White ya kafa a 1910, wanda daga baya ya koma Bristol Aeroplane Company. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka tsawaita titin tashin jirage saboda ƙaton jirgin nan Brabazon, har sai da aka rushe ƙauyen Charlton. Abin takaici, jirgin ya tashi a 1949 amma bai samu mai saye ba. Titin, mai tsawon mita 2,467 da faɗin mita 91, shi ya yi wa Concorde, jirgin fasinja mai gudun da ya fi na sauti, rana: na farko ƙirar Birtaniya daga nan ya tashi a Afrilun 1969.

Kamfanin BAE Systems, mai filin a lokacin, ya rufe shi a Disamban 2012, don kuɗin kula da shi ya fi abin da yake kawowa. Kamfanin YTL na Maleshiya ya saya a 2015, yana gina unguwa mai suna Brabazon.

Irin wannan aiki ba a fara shi da aza tubali. Sai an gwada ƙasa saboda man jirgi da ya daɗe yana tsiyaya, an nemi bama-baman da ba su fashe ba (Jamus ta kai hari nan a Satumban 1940), sannan a farfasa kankaren titin.

In ka je, gidan tarihin Aerospace Bristol, da aka buɗe a 2017, yana ajiye da Concorde ɗin da ya yi tashin ƙarshe a Nuwamban 2003.