Ɗana ya ce zuciyarsa ga maza take karkata: in sallama shi?

Tambaya: Malam, ɗana da ke karatu a Faransa ya faɗa mini haka, amma ya rantse bai taɓa aikatawa ba. Yanzu yana turo mini maganganun wasu limaman can masu cewa laifin mutanen Annabi Luɗu fyaɗe ne kawai. Babansa bai sani ba. Ya fita Musulunci ne? Daga wata uwa a Birni, Damagaram.

Amsa: Hajiya, Allah Ya sanyaya miki zuciya. Haramcin luwaɗi ba ya buƙatar dogon zance. Abin da na riƙe a wasiƙarki shi ne "bai taɓa aikatawa ba". Abin da ke kai-komo a zuci an yafe shi, kuma mai danne shi don tsoron Allah lada yake samu. Ɗanki Musulmi ne, yanke shi bai halatta ba.

Tsorona yana kan abin da yake turo miki. Wannan fassara ta yaɗu da littafin wani malamin jami'a Ba'amurke, Scott Kugle, na 2010, har aka buɗe masallaci a kan irin wannan ra'ayi a Paris a 2012. Madogararsu aya ta 29 a Suratul Ankabut, inda aka ambaci tare hanya. To, su karanta aya ta 81 a A'araf da ta 165 da 166 a Shu'ara'i: kuna je wa maza, kuna barin matanku. In tilastawa ce kaɗai laifin, me ya kawo ambaton mata? Ai yi wa mace fyaɗe ma haramun ne. Tare hanya laifi ne da aka ƙara a kan laifi. Ko Kiristoci rigimar ta raba su: da Fafaroma Francis ya yarda a sa wa masu tarayya da jinsinsu albarka a Disamban 2023, yawancin bishop-bishop na Afirka suka ce ba a cocinansu ba.

Duk da haka mai shubuha ba a kafirta shi, zama ake yi da shi a warware masa. Ki haɗa shi da malami mai riƙe sirri.

Kada ki kai maganar gidan biki, kada ki gaya wa babansa yana cikin fushi. Duka ko barazana ba hurumin kowa ba ne a gida. Kuma don Allah kada a yi gaggawar ɗaura masa aure wai magani, a cuci 'yar mutane. Ki ci gaba da kiransa, ki riƙa tambayarsa sallah. Wallahu a'alam.