Amsoshin Tambayoyinku: Firaima, Albarushi da Masu Neman Arha

Wani ɗan'uwa mazaunin Houston a jihar Texas ya rubuto: "Abokan aikina sun koya mini sake ɗura harsashi a kwanson da aka riga aka harba, kamar yadda masu zuwa filin harbi suke yi a nan Amurka. Littafina na ɗura harsashi ya ce in sa firaima CCI 200 a harsashin .308 Winchester, amma a shago sai CCI 250 mai suna magnum na samu. Girmansu ɗaya. In saya?"

Malam, girman ɗaya ne, wutar ce ba ɗaya ba. Firaima dai ita ce 'yar ƙwaryar ƙarfen nan da ke gindin harsashi. In ka ja kunama, allurar bindiga ta dake ta, sai ta watsa wuta cikin albarushi, aikin ƙyastu ke nan. Ta magnum wutarta ta fi zafi, ta fi jimawa. An yi ta ne don manyan kwansuna masu cin albarushi da yawa, da irin albarushin nan mai ƙwayoyi zagayayyu da ke taurin kamawa, da kuma harbi cikin tsananin sanyi. In ka sa ta inda ba a nema ba, albarushin zai kama da yawa a lokaci guda, matsin iskar da ke cikin bindiga ya yi sama. Hukumar SAAMI, wadda ke tsara ƙa'idojin harsasai a Amurka tun 1926, ta yanke wa .308 iyakar matsi ta 62,000 a ma'aunin psi, kuma duk wannan ƙarfin dab da kuncinka yake tashi. Masu rubuta littattafan Hornady da Lyman da Speer da na'urar auna matsi suka gwada kowane haɗi, kai kuwa ba ka da ita. Ko dai ka jira 200 ta dawo, ko ka nemi haɗin da aka buga da 250 ɗin kanta, ka fara daga mafi ƙarancin awo.

Wani kuma cewa ya yi: "Ai ina jin magnum za ta sa harsashi ya fi nisa?" Ɗan saurin da za ta ƙara bai kai a faɗa ba, sau da yawa ma saitin take ɓatawa. Sunan ne kawai ya burge ka.

Sai wanda ya ga shafi a intanet yana sayar da kwalin firaima dubu a rabin kuɗin shago, amma sai an fara tura kuɗi ta manhajar Zelle ko bitcoin. Yana tambaya wai dama ce?

Dama ce, amma ta ɓarawo. Kafin 2020 kwalin dubu bai cika wuce dala 30 zuwa 40 ba. Da annobar korona ta zo aka yi wawar harsasai, kamfanoni suka riƙe firaimarsu don harsasan da suke ƙerawa, kwali ya haura dala 100, wani lokaci ma a rasa. A wannan tsukin shafukan bogi suka yi yawa, da hotunan kwalayen kamfanonin Federal da Winchester tsibi-tsibi alhali shaguna wayam. Ka lura da abu guda: ba a aika firaima ta gidan waya, kuma dillalin gaskiya sai ya caje ka kuɗin dakon kaya masu haɗari. Wanda ya ce dako kyauta, kati kuma ba ya karɓa, ba kaya gare shi ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne wanda kayan suka iso masa. Mutum ya kashe dala dubu a kan bindiga, sannan ya tsaya ƙwauron 'yan kwabbai a kan abin da ke kunna ta! Ya sayi firaima a leda daga hannun wanda bai sani ba, babu kwali, babu lamba, ba a san damina nawa ta sha a gareji ba. Firaima mai rauni ma tana da nata sharrin. Wani lokaci ka ja kunama shiru, sai bayan ɗan lokaci ta tashi, shi ya sa ake cewa a bar bakin bindiga yana kallon gaba a ƙirga daƙiƙa talatin. Wani lokaci kuma albarushin bai kama sosai ba, harsashi ya maƙale a bututu, na biyu ya zo ya tarar da shi, bututun ya fashe a hannu. Wannan ya shafi mafarautanmu na gida da ke sayen katirij mai arha wanda wani ya ɗura a ɗaki, ba awo ba littafi. Arha ba ta ado. Kuma Najeriya ba Texas ba ce, dokar makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ba da lasisi ba, don haka kada wani ya rubuto mini daga gida yana neman a koya masa.

Ta ƙarshe daga wata baiwar Allah ce a Minnesota. Maigidanta ya juye firaima cikin kwalba ya ɗora a kan kantar ɗaki, ga yara a gida, ita kuma ta kasa barci.

'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, ba ta tashi haka kawai. Amma kina da gaskiya. Farantin robar da take zuwa a ciki, kowace da raminta, an yi shi ne don in ɗaya ta tashi kada ta ja sauran. A kwalba kuwa a cakuɗe suke, faɗuwa ɗaya na iya tayar da su gaba ɗaya, ga tartsatsin gilashi. Kada ki ɗauka da kanki, kada ki girgiza. Ki bari sai ya ci abinci ya huta, ki nuna masa wannan amsar, ya mayar da su farantinsu a hankali, ya ajiye nesa da albarushi da wuta da danshi, a akwatin katako mai kwaɗo inda hannun yara bai kai ba.