Yadda Eindhoven ya farfaɗo bayan masana'antunsa sun durƙushe

Ka tambaya ko tsara gari da kyau na iya jawo kamfanonin fasaha, ko kuwa sa'a ce kawai. Malam, duba Eindhoven da ke kudancin Holan.

Garin kamfanin kayan lantarki na Philips ne tun 1891. A farkon shekarun 1990 kamfanin ya sallami dubban ma'aikata, kamfanin motoci na DAF ya karye a 1993, daga baya Philips ya kwashe hedikwatarsa zuwa Amsterdam. Sai ƙananan hukumomi 21 na yankin suka zuba kuɗi a asusu ɗaya, suka haɗa kai da jami'a da 'yan kasuwa.

Abin da ya fi burge ni shi ne High Tech Campus. A 2003 Philips ya buɗe wa wasu kamfanoni harabar bincikensa, aka kuma tattara wuraren cin abinci a gini guda, da gangan. Wanda yunwa ta kama dole ya tako zuwa can, injiniyan wannan kamfani ya zauna kusa da na wancan, hira ta kai su ga aiki. Tsoffin masana'antun Philips da ke unguwar Strijp-S kuwa, inda a da ba mai shiga sai ma'aikaci, an mayar da su gidaje da ofisoshi.

Amma kada a zuzuta tsarin fiye da kima. Ba don ASML ba, mai ƙera injinan buga ƙwaƙwalwar kwamfuta a garin Veldhoven da ke maƙwabtaka da Eindhoven, wanda shi ma daga Philips ya tsiro a 1984, da labarin ya bambanta. Yanzu matsalar yankin gidaje ce, haya ta yi tsada. A 2024 gwamnati da yankin suka ware Yuro biliyan 2.5 don gidaje, hanyoyi da horar da ma'aikata.