Masu koren fuskar nan na Indiya, wace irin rawa ce?

Tambaya: Assalamu alaikum malam. Na ga wani bidiyo a Facebook, wasu 'yan Indiya sun shafe fuska da kore shar suna ta juya ido da yatsu ba magana. Rawar fim ce ko dodannin bautarsu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abin da ka gani sunansa Kathakali, wasan kwaikwayo ne da ake yi da rawa a jihar Kerala, can kudancin Indiya, tun ƙarni na 17. Ba dodanni ba ne, amma gaskiya yana da alaƙa da addininsu, don labaran daga Ramayana da Mahabharata, tsofaffin littattafan addinin Hindu, ake ɗauko su kuma a farfajiyar wuraren ibadarsu aka saba yi, tun dare har asuba a gaban wata ƙatuwar fitilar man kwakwa. Rawar fim ɗin da muka saba gani kuwa ta fi kusa da Kathak, wata rawa ta arewacin Indiya, sunan ne kawai ya yi kama.

Shirun da ka lura da shi, ai nan gizo ke saƙar. Ɗan wasan ba ya furta kalma, mawaƙa biyu ne a bayansa ke rera labarin, ga ganguna chenda da maddalam, shi kuma ya fassara da hannu da ido da gira da kumatu. Alamun hannu 24 ne tushe, daga su ake ƙera ɗaruruwan ma'anoni. Zai nuna maka giwa ta tsorata, kudan zuma na zagaye fure, duk yana tsaye wuri guda, kuma wallahi idan ƙwararre ne sai ka ji tsigar jikinka ta tashi ko ba ka jin yaren Malayalam na mutanen Kerala.

Fentin ma magana ce. Kore na jarumi ne mai mutunci, in ka ga an ratsa ja a kan koren to mai girman kai ne irin Ravana, mugun sarkin nan na cikin Ramayana, jan gemu mugu, farin gemu Hanuman, abin bautarsu mai siffar biri. Kwalliyar kan ci awa uku ko fiye, mutum na kwance ana ɗora masa farin kewayen haɓa da ƙullun shinkafa da takarda, sannan a saka wani ɗan iri a ido ya kaɗa jawur.

Tun suna yara ake horar da su shekaru da yawa, malami har taka su yake da ƙafa da mai don jiki ya yi laushi. Wasan ya so ya dusashe a zamanin mulkin Turawa sai mawaƙi Vallathol Narayana Menon ya kafa makarantar Kerala Kalamandalam a 1930, har yau ana koyarwa a can. A da maza ne ke fitowa a matsayin mata, yanzu mata ma suna yi.

In ka sake cin karo da bidiyon, ƙyale kayan jikin, zuba ido a kan girarsa.