Amsa ga ƙanina malamin firamare a Gombe

Wa alaikumus salam ƙanina, na ga saƙonka tun shekaranjiya aiki ne ya riƙe ni, ka yi haƙuri. Ka ce kana koyar da 'yan aji biyar, kana son zuwa nan Ingila ka yi mastas a fannin ilimi, sannan in duba maka irin abin da ake ba yarana su rubuta a makaranta don naka ɗaliban sun gaji da insha'i.

Bari in fara da na yaran don wallahi shi ya fi taɓa ni. Ni ma a nan Gombe na yi firamare, na san yadda ake yi, yadda na yi hutuna, babban abokina, makarantarmu, malam ya rubuta a allo a kwafa a haddace ranar jarrabawa kowa ya zuba, yara arba'in aboki ɗaya. Yaron da aka yi wa haka sai ya girma yana ganin shi ba shi da abin faɗa, kuma wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Nan ba wani sirri suke da shi ba. 'Yata tana aji huɗu malamarsu ta ce kowa ya nemi tsoho a danginsu ya tambaye shi yadda ƙuruciyarsa ta kasance. Ta kira Hajiya ta WhatsApp suka yi kusan awa guda, Hajiya na ba ta labarin ɗiban ruwa da asuba da yadda ake tsinkar auduga a kai wurin awo da waƙar da suke yi wurin daka, ni ina gefe ina ji, akwai abin da ni da na tashi a gabanta ban taɓa ji ba. Shafi biyu yarinyar nan ta cika ba wanda ya matsa mata. Toh mu sai mun kira waya, kai ɗalibanka kakannin suna zaune a zaure.

Ka tura su su tambayi iyayensu ina suke ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Gombe daga Bauchi, me aka yi a unguwarsu ranar. Wanda asalinsu ɓangaren Bajoga ne ya tambayo abin da tsofaffi ke faɗa kan yaƙin Bormi na 1903 inda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, wani ya nemo me ya sa ake cewa Gombe Abba alhali ga Gomben da muke ciki, daga nan sai ka shigo musu da tarihin Buba Yero wanda ya kafa masarautar Gombe, sun riga sun ƙagu su ji. Amma kar ka tsaya a tarihi kawai. Yaron da gidansu ke bakin kwari ya fi kowa sanin zaizayar ƙasa, ya ga katangar maƙwabta ta rufta da damina, ka ce ya rubuta daren da aka yi ruwan, me ya ji, ina suka kwana. Wanda babansa ke kasuwar Tudun Hatsi ya bi shi ran Asabar ya rubuto yadda ake ciniki da nawa ake sayar da kwanon masara, bayan wata biyu ya koma ya ga ko ya canza ya nemo dalili, ka ga lissafi ya shigo. Mata su rubuta yadda ake masa tun daga jiƙa shinkafa har tanda, ko ƙuliƙuli, daki-daki yadda wanda bai taɓa yi ba zai iya bi. Akwai masuntan Dadin Kowa, akwai direbobin da ke ɗauko siminti Ashaka. Ko wasiƙa zuwa ga kansila kan kwatar da ta toshe, kuma a kai masa da gaske.

Abin da nake roƙonka, ka bar su su fara da Hausa kafin a juya Turanci, kuma ɗan Tangale ko Tera ko Waja ko Bafulatani ya kawo tatsuniyar gidansu. Jan biron nan kuma a sassauta shi dan Allah, gyara biyu ko uku sun isa a shafi, ka rubuta masa abu ɗaya da ya burge ka.

Zancen zuwanka kuma, ka nemi sikolashif, kar a sayar da gona. Chevening, sikolashif ɗin gwamnatin Birtaniya, sai kana da shekara biyu ta aiki, kai kana da su. Ka sani tun Janairun 2024 mai mastas na aji (wanda ba na bincike ba) ba ya zuwa da iyali sai in gwamnati ce ta ɗauki nauyinsa, aiki awa 20 ne a sati lokacin karatu ba zai biya kuɗin makaranta ba, akwai kuɗin lafiya fam 776 a shekara da gwajin tarin fuka kafin biza. Sannan sai ka rubuta bayani kan kanka, kuma na karanta na 'yan gida da yawa da suka turo in duba musu, duk iri ɗaya, haddar nan ce ta biyo mu har girma. In ka yi zango guda kana wannan aikin da ɗalibanka ka ajiye littattafansu na farko da na ƙarshe, shi za ka ba su labari a bayanin naka.

In sun rubuta na kakanni ka ɗauko min hoton guda uku ko huɗu, 'yata ta ce tana son karantawa. Ka gaida Inna da mai ɗakinka.