Malamina ya soke babina a kan Richard Wright: shin tarihin rayuwa ba hujja ba ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibar digiri na biyu ce a sashen adabin Ingilishi. Kundina a kan ƙaura da tasowar matashi ne a littattafan Amurka guda biyu, Black Boy na Richard Wright da The Grapes of Wrath na John Steinbeck. Na gina babi na uku a kan cewa na farkon tarihi ne tsantsa, tunda mai shi ne ya ba da labarin kansa, na biyun kuma ƙagaggen labari ne. Malamin da ke duba aikina ya bi babin gaba ɗaya da jan biro, ya rubuta "wa ya gaya miki?" kawai. Lokacin kare kundi ya matso, ko barcin kirki ba na yi. Shin ƙarya Wright ya yi? In haka ne, aikina ya rushe ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Kwantar da hankalinki. Aikinki bai rushe ba, kuma Wright ba maƙaryaci ba ne. Amma malaminki ya fi ki gaskiya, kuma gara da kika ci karo da jan biron nan yanzu, tun kafin ki tsaya gaban masu jarrabawa.

Ciwon da ya kama babinki shi ne wanda nake fama da shi a wurin ɗalibai kullum. Da zarar an ga marubuci ya ce "ni", sai a miƙa masa wuya. A ce ai shi abin ya faru da shi, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ta fi daɗi ɗin, amma wa ya ce daɗi hujja ne? Mai rubuta tarihin kansa shaida ne a shari'ar da shi ma yana da rabo a cikinta. Yana da wanda yake tsoro, yana da wanda yake son ya saya, yana da mawallafi a kansa, sannan tsakaninsa da abin da yake tunawa akwai shekaru ashirin ko talatin. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mu da aka raine mu da sanin cewa ba a karɓar ruwaya sai an tambayi wanda ya kawo ta da kuma wanda ya jiyo daga gare shi, mu ne kuma muke ajiye wannan tarbiyya a ƙofar aji da zarar littafin na Turanci ne.

Mu fara da littafin da ke hannunki. Wane bugu kika karanta? Ba ki faɗa ba, kuma nan ne gizo ke saƙar. Rubutun da Wright ya miƙa wa kamfanin Harper babi ashirin ne, kashi biyu. Kashi na farko ƙuruciyarsa ce ta yaro baƙar fata a Misisipi da Akansas da Memfis, wato jihohin Kudu na ƙasar Amurka inda ake wariyar launin fata a lokacin. Na biyu kuwa rayuwarsa ce a Shikago bayan ya isa can a 1927: wanke-wanke a gidan abinci, aikin gidan waya, sharar ɗakin gwaji a asibiti, yunwar shekarun karayar tattalin arziki, da rigimarsa da jam'iyyar 'yan gurguzu. Ƙungiyar Book-of-the-Month Club, wadda ke aika wa ɗimbin masu karatu littafi kowane wata, ta ce kashi na farko kawai take so. Aka datse babi shida na ƙarshe, Wright ya rubuta sabon rufi, littafin ya fito a 1945 yana ƙarewa da saurayi ya kama hanyar Arewa cike da fata. Babin da aka cire ba su fito a matsayin littafi ba sai 1977, da sunan American Hunger, shekara 17 bayan rasuwarsa. Sai a 1991 aka haɗe su wuri guda yadda ya tsara tun farko.

To duba abin da wannan ya yi wa hujjarki. Wanda ya karanta bugun 1945 zai ce darasin littafin shi ne Kudu wuta ce, Arewa mafita. Wanda ya karanta cikakken zai ga yaron ya tsere wa bulala ya faɗa hannun wata yunwar daban. Duka biyun Wright ne ya rubuta, duka biyun suna cewa "ni". Wanne ne tarihi tsantsan da kike nufi?

Ga wanda ya fi kusa da gida. Muhammad Ali ɗan Sa'id, wanda aka fi sani da Nicholas Said, haifaffen Kukawa ne a Borno. An kama shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi zuwa Tarabulus, daga nan Istanbul, daga nan Rasha, ya zaga Turai yana yi wa wani basarake hidima, har ya sauka Amurka gab da yaƙin basasarsu. A 1863 ya shiga runduna ta 55 ta Masacuset, ta baƙaƙen fata, a ɓangaren Arewa. Takardun soja sun tabbatar da haka. Amma ki buɗe tarihin rayuwarsa da aka buga a Memfis a 1873, ba za ki ga ko kalma ɗaya a kan aikin sojan ba, har ma ya matsar da shekarar isowarsa zuwa bayan yaƙi. Mutum ne baƙi da ke koyarwa a Kudu, yana sayar da littafinsa ga mutanen da aka ci da yaƙi, a zamanin da 'yan Ku Klux Klan, ƙungiyar farar fata masu ta'addanci, ke ƙona makarantun baƙaƙe. Ɗalibin da ya ɗauki littafin a matsayin tarihi tsantsa zai rubuta cewa ɗan Bornon nan bai ga yaƙin ba. Wanda ya san yin tambaya kuwa zai gane cewa shirun nan ya fi shafuka da yawa bayani a kan halin da Kudu ke ciki a 1873.

Frederick Douglass, tsohon bawa da ya zama jigon yaƙi da bauta a Amurka, shi bai ma ɓoye cewa yana ɓoyewa ba. A littafinsa na 1845 ya faɗa ƙarara cewa ba zai bayyana yadda ya gudu daga bauta ba, don kada ya toshe wa na baya hanya. Sai a 1881 ya rubuta labarin: ya yi shigar ma'aikacin jirgin ruwa, ya ari takardar shaidar wani baƙar fata da ba bawa ba, ya hau jirgin ƙasa daga Baltimo a 1838. Sau uku ya rubuta rayuwarsa, kuma kowane rubutu da inda ya sa gaba.

Kada kuma ki tsallaka zuwa ɗaya ramin, ki ce ashe duk ƙarya ce. Wannan ma lalaci ne, sai dai ya sa rigar wayo. Akwai inda aka kama marubuta dumu-dumu, ba musu. Roots na Alex Haley, wanda ya fito a 1976, masu binciken nasaba sun gano cewa bawan nan Toby da ya ce shi ne Kunta Kinte, kakansa da aka kamo daga Afirka, yana cikin takardun Bajiniya tun kafin jirgin da aka ce ya kawo shi ya iso a 1767, kuma a 1978 Haley ya sasanta ƙarar satar rubutu da Harold Courlander ya shigar. Amma da takarda aka gano wannan, an bi rajista ɗaya bayan ɗaya. Ba da zaman majalisa aka gano shi ba. Wright kuwa ƙashin labarinsa tsaye yake: dokokin wariya gaskiya ne, kuma hana baƙi aron littafi a laburaren Memfis gaskiya ne, abin da ya sa ya ari katin wani farar fata abokin aikinsa, ya riƙa rubuta 'yar takarda da hannunsa kamar mai katin ne ya aiko shi. Abin da ba za ki iya rantsewa a kai ba shi ne doguwar hirar da ya kawo kalma da kalma daga lokacin da yake ɗan shekara shida. Wannan aikin marubuci ne, kuma shi marubucin ƙagaggun labarai ne tun kafin ya rubuta wannan.

Steinbeck ma kin yi masa rashin adalci ta ɗaya gefen. Kafin littafin ya fito a 1939 ya zaga sansanonin 'yan ƙaura a Kalifoniya, ya rubuta jerin rahotanni a jaridar San Francisco News a 1936, ya kuma yi aiki da rahotannin Tom Collins, mai kula da sansanin gwamnati da ke Arvin. Duk da haka ya ɗora iyalin Joad, 'yan ƙaurar da littafin ke ba da labarinsu, a Sallisaw, gabashin Oklahoma, nesa da yankin da guguwar ƙura ta fi yi wa ɓarna. Shi ma sai an tace.

Na san inda da yawanku ke samo wannan rabon na "gaskiya" da "ƙirƙira". Daga masu shagon buga takardu da ke bakin makaranta suna sayar da tsohon kundi an sauya masa suna, da masu taƙaita littafi mai shafi ɗari huɗu a bidiyon minti uku a TikTok, ba su taɓa riƙe shi ba. Waɗannan mutane suna kashe muku karatu, ku kuma kuna biyan su. Laifi kuma bai tsaya kansu ba. Malamin da zai rubuta kalma huɗu a kan babi guda ya mayar wa ɗaliba ba tare da ya zaunar da ita ba, ya sauke rabin nauyinsa ne kawai. Mu ji tsoron Allah a kan amanar yaran mutane.

Abin yi a makonnin da suka rage: kada ki yar da babin, ki juya tambayarsa. Ki bar neman wanne ne gaskiya, ki tambayi yadda kowane marubuci ya tsara tafiyar, a ina ya fara, a ina ya tsaya, wa ya sa shi tsayawa a nan. Ki nemo bugun Black Boy mai kashi biyu, ki ajiye rufin 1945 kusa da na asali ki kwatanta su layi-layi, wannan kaɗai ya isa rabin babi. Duk inda kike buƙatar hujjar tarihi a kan ƙaurar baƙaƙe kimanin miliyan 6 daga Kudu tsakanin 1915 da 1970, ki jingina da The Warmth of Other Suns na Isabel Wilkerson, na 2010, wadda ta yi hira da mutum sama da dubu, sannan ki kawo Wright a matsayin murya ɗaya daga cikinsu. A kan 'yan Oklahoma kuma ki duba American Exodus na James Gregory. Ki rubuta sabon tsarin a shafi guda ki kai wa malaminki cikin makon nan, ki roƙe shi ya sa hannu a kai kafin ki ci gaba. Allah ya ba da sa'a.