Amsa ga Autarmu a Jos: yadda muke riƙe gida a Landan ba 'yar aiki

Auta, salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, da maigidan da yara, da sanyin Jos da na ji an ce ya fara sauka. Na saurari saƙonki har ƙarshe, kuma na ji gajiya a muryarki. Kin ce tun da yarinyar da ke taya ki aiki ta koma garinsu ba ki ƙara isa makarantar da kike koyarwa a kan lokaci ba, kina so ki san yadda mu matan Hausawa da ke nan muke yi, ga aiki ga yara ga miji. Har kin haɗa da abin da ake faɗa a gida: wai inji ke yi mana komai, wai abincin sati muke ci, wai mazanmu sun koma wanke-wanke. Zan amsa miki a rubuce, don na san ba ke kaɗai ba ce mai wannan tambaya daga Unguwar Rogo zuwa Rikkos.

Ki fara sanin abin da ya sa ba mu da masu aiki. A watan Afrilun 2025, mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya wanda ya kai shekara 21 a Ingila ya kai fam 12.21 a awa ɗaya. Ki lissafa daga safe zuwa yamma, kwana biyar a sati, za ki ga albashin uwargida gaba ɗaya zai tafi a nan. Ƙaramar yarinya kuwa babu ma zancenta, domin daga shekara 5 zuwa 16 dole kowane yaro ya kasance yana karatu, kuma hukuma na bibiya. Ni a raina wannan doka ta yi daidai, kuma ina roƙonki idan za ki sake ɗaukar mai taimako, ki nemi babbar mace ki biya ta hakkinta, ki bar 'yar shekara goma ta je aji kamar naki. Sannan ba mu da unguwa tamu. Hausawa sun daɗe a garin nan, sashen Hausa na BBC ma a nan aka buɗe shi tun 1957, amma a warwatse muke, wata a gabas wata a kudu. Kafin ki kai gidan ƙawarki sai ki yi awa guda a jirgin ƙasa. Babu almajiri, babu ɗan maƙwabta da za ki ce ya ruga ya sayo miki magi.

Injin wanki kam muna da shi, kuma yana taimako. Sai dai ba ya ware farare da masu zuba, ba ya shanya, ba ya ninki, ba ya guga. Na busar da kaya kuma, tun da kuɗin wuta ya yi tashin gwauron zabi a 2022, da yawanmu mun rage kunna shi, a cikin ɗaki muke shanya. Abin da ke cece mu shi ne yin aikin da ya fi cin lokaci tun kafin ranar buƙatarsa ta zo.

Ki duba girkinki da kyau. Tuƙa tuwo ba ya ɗaukar lokaci. Abin da ke cinye yinin mace shi ne gyaran kayan miya, kai markaɗe, jiran tumatir ya tsotse, da jiran nama ya yi laushi. To wannan ɓangaren muke cirewa mu gama da shi ranar Asabar. Ina haɗa tumatir da tattasai da attaruhu da albasa in markaɗa, in zuba a babbar tukunya ba ruwa ba mai, in bar shi yana tafasa ina sauran aikina. Idan kumfar ta kwanta, launin ya koma ja mai duhu, ludayi ya fara barin hanya a gindin tukunya, sai in zuba mai in soya har man ya taso sama, tsamin ya mutu. In ya huce in raba a ƙananan robobi, kowace roba daidai girki ɗaya, in rubuta kwanan wata a murfi, sai firiza. Roba ɗaya ta zama jar miya, wata ta shiga dafa-duka, wata a ƙara mata kabewa da alayyahu da gyaɗa ta zama taushe. Nama ma haka: daga wurin mahauci na halal, a wanke, a tafasa da albasa da citta da tafarnuwa, a tsame naman daban, romon daban. Ranar da na dawo a gajiye, romo ɗaya da daddawa da ɗan yaji, in kaɗa kuka, kafin ruwan tuwo ya tafasa miya ta haɗu.

Kin ga amsar masu cewa abincin sati muke ci. Tuwo a ranar ake tuƙa shi, shinkafa ma haka. Shinkafa musamman ba a wasa da ita. Hukumomin lafiya a nan suna gargaɗi cewa dafaffiyar shinkafa idan ta daɗe a waje tana iya haifar da guba da ɗumame ba ya kashewa, don haka in ta rage a sanyaya ta cikin awa guda a sa a firji, a cinye washegari, kuma sau ɗaya ake ɗumama ta.

Amma Auta, kada ki ɗauki tsarin firiza ki dasa a Jos ido rufe. Mu nan wuta ba ta ɗaukewa. Firizar da ke cike maƙil, idan ba a buɗe ta ba, takan riƙe sanyi kamar kwana biyu bayan an ɗauke wuta, wadda take rabi kuwa kwana ɗaya. In layinku yakan yi kwana uku babu wuta, naman wata guda a firiza asara ce, kuma hatsari ne ga cikin yara. Ki ajiye na kwana uku ko huɗu, ki cike sauran gurbin da robobin ruwa su daskare su riƙe miki sanyi.

Ke abin da kike da shi ya fi firiza, wato rana da iskar hunturu da kasuwar Faringada a kusa da ke. Ki tuna yadda Inna take yi. Daga Janairu zuwa Maris, lokacin da tumatir ya yi araha, sai ta sayi kwando ta yanka ta shanya kauɗa a kan tabarma, ta rufa da yadi mai shara-shara saboda ƙura. Idan damina ta faɗi tumatir ya yi tsada, ita ko a jikinta. Kuɓewa ta busar ta daka, tattasai da barkono haka, daddawa a dake da kayan ƙamshi a kwalba. Wake a surfa shi da yawa lokaci guda, a busar, a ajiye. Ranar ƙosai ko alale jiƙawa kawai za ki yi ki markaɗa. Garin ɗanwake a haɗa shi da kukarsa tun daga injin niƙa. Gasara a tace a shanya ta bushe, koko ya zama aikin minti biyar. Gyaɗar kunu a soya a niƙa a ajiye. Waɗannan su ne kayan da mu nan muke roƙon duk mai tahowa ya saƙo mana a akwati, ko mu je Peckham mu saya da tsada a shagunan 'yan Najeriya. Kilishi da man shanu ne dai ba a shigowa da su, dokar ƙasar ta hana nama da kayan madara daga ƙasashenmu. Acca kuma da kuke da ita a Filato, in an wanke ta an tsame yashin an busar, babu hatsin da ya kai ta saurin dahuwa, gwatenta abincin dare ne na mai gaggawa.

In za ki sayi abu ɗaya a bana, ki sayi tukunyar nan mai kulle tururi da ake ce wa furesha. Waken da kan yi fiye da awa a wuta takan dafa shi cikin rabin awa ko ƙasa da haka, ganda da ƙafar saniya ma ba sa yi mata gardama, ga gas ɗinki ya huta. Ki dai bari tururin ya gama fita kafin ki buɗe.

Safiyarmu da dare muke shirya ta, kuma yanayin ƙasar ne ya koya mana. A watan Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, azahar da la'asar da magariba suna zuwa a jere, yara na fitowa makaranta duhu ya kusa. Wadda ta bar aikin yau zuwa anjima, dare ne zai same ta. Saboda haka bayan isha'i kowane yaro zai fito da yunifom ɗinsa da safa, ya duba jakarsa, ya jera takalmi a bakin ƙofa. Guga ta sati ranar Lahadi ake gama ta. Ke da ke fama da sanyin asuba, ki tafasa ruwa da dare ki cika manyan filas, na shayi da na sirka ruwan wankan yara, ki huta da jiran tukunya da sassafe. Akwai kuma takarda da nake mannawa a ƙofar firji, an rubuta abincin kowace rana. Tsayawa a tsakiyar kicin ana tunanin me za a ɗora yau yana cin lokaci fiye da yadda ake zato, kuma shi ke jawo aike sau uku a yini.

Sai maganar maza, wadda na san ita ce aka fi yi da mu. Gaskiya ne, Abban yara yana wanke kwanuka idan ina aikin yamma, shi ke fitar da shara ranar da motar kwasa za ta zo, shi ke kai yara makaranta. Yawancin gidajen Hausawa a nan haka suke, har da na malamai masu jan salla, kuma ban ga wanda girmansa ya ragu ba. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, abin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, idan lokacin salla ya yi sai ya fita. Hadisin yana cikin Buhari. Ban ce ki je ki tsaya a kan maigidanki da wannan ba. Ki nemi lokacin da ransa ke sake, ki roƙe shi abu ɗaya tsayayye da zai zama nasa, kamar awon wata a kasuwar Katako ko kai yara da safe. Aikin da aka san mai shi ba a sake yin magana a kansa kullum. 'Ya'yanki maza kuwa a hannunki suke. Ɗan shekara tara ya isa ya wanke safarsa, ya share tsakar gida, ya ɗauraye kwanon da ya ci abinci. Abin yana damuna in ga yarinya tana wanke-wanke cikin sanyi, yayanta na zaune yana jiran a miƙo masa shayi.

Mu mata kuma gayya muke yi, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna da rukuni a WhatsApp na waɗanda gidajenmu ke kusa. Kai yara Islamiyya karɓa-karɓa ne, wannan satin ni, mai zuwa wata. Rago mukan haɗa kuɗi a saya a raba. In an yi haihuwa, mai jego ba ta ɗora tukunya: wata ta kawo waina, wata kunun kanwa, wata farfesu, har a yi suna. Ke wannan ya fi miki sauƙi, maƙwabtanki katanga ce kawai tsakaninku. Ku uku ku haɗa kuɗin kwandon tumatir da buhun dankali, mutum ɗaya ta je kasuwa, a kai markaɗe sau ɗaya.

Abu ɗaya ne a cikin al'adunmu na nan ba na so ki ɗauka. Mu ba a zuwa gidan mutum sai an buga waya an sa rana. Baƙi daga gida sukan ɗauka girman kai ne, alhali nisa da lokutan aiki ne suka jawo, kana iya yin tafiyar awa ka tarar da ƙofa a kulle. Yana tsare lokaci, amma yana kawo kaɗaici, na ga matan da suka yi sati ba wanda ya yi musu sallama. Ke ki bar ƙofarki a buɗe. Ki dai tanadi cincin da dambun nama a mazubi mai murfi, da zoɓo a firji, baƙuwa ta zo ki tare ta da fara'a ba sai kin hura wuta ba. In ta tarar kina tsinkar zogale, ki miƙa mata tire ku yi hirarku kuna tsinka.

Ki gaida Inna da kyau, ki ce mata kuka da daddawar da ta aiko sun iso lafiya. Ki gaida maigidan, ki shafa mini kan yara.

Yayarki.